Mu Ke Kiwon, Mu Ya Kamata Mu Je Nunin

  A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari da yawancinmu muke ɗauka ba ruwanmu da shi, watau nunin amfanin gona da dabbobi, irin wanda hukuma takan shirya da kaka bayan an gama girbi.

Duk wadda ta taɓa leƙa irin wannan taro ta san yadda yake. Akan kafa rumfuna a fili, a jera dammunan gero da dawa da buhunan wake da gyaɗa. A gefe guda kuma a ɗaɗɗaure shanu da raguna da awaki, a jera kejin kaji da zabi. Alƙalai su bi suna dubawa suna rubutu, can da la'asar a kira sunayen waɗanda suka ci, manyan baƙi su miƙa musu kyauta, a yi tafi a watse. To, in kun duba masu riƙe da igiyar awakin nan, kusan dukansu maza ne. In kun duba masu tsaye a rumfar likitan dabbobi suna sauraron bayani, su ma maza ne. Alhali kuwa kowa ya san a ƙasar Hausa akuya da tunkiya da kaza galibi dukiyar mace ce, kuma ita ke wahalarsu safe da yamma. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma mu mata mu ne muke biyan kuɗinsa.

DUKIYAR WA CE?

Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin yadda mutanen karkara ke neman abinci, kuma cikin abubuwan da ta lura da su akwai cewa yawancin awaki da tumakin garin na mata ne. Amma mu ba sai wani ya zo daga Ingila ya gaya mana ba. Wace ce ke tashi da sassafe ta dama dusa da ruwan tsari? Wace ce ke share turke ta tara taki? Wace ce ke fara lura cewa yau 'yar akuyar nan ba ta tuƙa, ta tsaya a gindin danga ta sunkuyar da kai? Maigida yana gona ko kasuwa ko ofis, sai dai a ba shi labari da dare.

Akuya ita ce asusun mace. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake cika kuɗin jarrabawa, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya mace kwano ɗaya bayan ɗaya. Matar da mijinta ya rasu, ko aure ya mutu, sau da yawa 'yan awakinta ne ke rufa mata asiri kafin dangi su waiwayo. Addininmu kuma ya tabbatar wa mace dukiyarta, miji ba shi da iko ya taɓa sai da yardarta. Ko hukuma ma ta san da haka, domin a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya mulki Jigawa daga 2015 zuwa 2023, da aka tashi taimaka wa mata marasa ƙarfi, awaki aka raba musu bashi su kiwata.

Mu yi ɗan lissafi. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki. In tana samun abinci sosai tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, kuma jar akuya ta saba haifar tagwaye. Ke nan akuya guda ɗaya mai lafiya tana iya zama ƙaramin garke kafin yarinyar da ta shiga aji ɗaya na sakandare ta kai aji uku. Haka kuma annoba ɗaya tana iya share wannan garke cikin mako biyu, mai shi tana kallo ba ta san abin da za ta yi ba, alhali bayanin yadda za ta tsare shi an yi shi a filin nuni, a gaban mutanen da ba su ne masu kiwon ba.

Za a ce ai maigida in ya je ya ji zai dawo ya faɗa. Sau nawa hakan ta faru? Yakan dawo a gajiye, a tambaye shi yaya taro, ya ce, "Taro ya yi kyau, an ga wani bijimi kamar giwa." Shi ke nan. Ba laifinsa ba ne, don mutum ba ya riƙe bayanin aikin da ba shi zai yi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, balle ma jin da ya biyo ta bakin wani.

ABIN DA IDO DA HANNU KE KOYO

Filin nuni ya bambanta da kara. A kara dillali yana so ya sayar, saboda haka duk dabbar da ya riƙe a bakinsa ba ta da aibi. A nuni kuwa an tara mafi kyawu ne don a gwada su da juna, kuma akwai masana da aikinsu shi ne su faɗi dalilin da ya sa wannan ta fi waccan. Wadda ta tsaya ta saurara sa'a ɗaya za ta koma gida da ilmin da zai yi mata amfani har tsufanta.

Da fari za ta san iri. Za ta ga Balami, farin rago mai tsawo da gantsararren hanci da dogayen kunnuwa, wanda ya fi yawa a wajen Barno. Za ta ga Uda, wanda rabin jikinsa na gaba baƙi ne ko ja, na baya fari, kamar an tsoma shi a rini. Za ta ga 'Yankasa da muka saba da su, farare masu baƙi a kewayen ido da baki, waɗanda ba su kai waɗancan girma ba amma sun fi jure wa zaman gida. A wajen shanu za ta bambance Bunaji fari da Rahaji ja mai dogayen ƙahoni da Gudalin Sakkwato mai gajeren ƙaho. Sanin iri shi ke hana mace zuba kuɗinta a kan rago mai ban sha'awa wanda abincin gidanta ba zai iya riƙe shi ba.

Za ta kuma san darajar abin da ke ɗaure a bayan ɗakinta. Jar akuyar nan da muke kira ta Sakkwato, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suke kira ta Maraɗi, fatarta tana cikin fatun da suka fi kowaɗanne daraja a duniya. Tun zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da raƙuma ake kai ta arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yin bangon littattafai masu tsada da ita. A Maraɗi har cibiya ta musamman gwamnati ta kafa tun shekarun 1960 don kula da wannan iri. Wadda ta san haka ba za ta bar kaska da ƙazuwa su ɓata fatar akuyarta ba, ba kuma za ta bari a yi mata fiɗar ganganci a huhhuda fatar ba, domin majemi kuɗin fata mai huji daban yake biya.

Sa'an nan akwai abin da sai an sa hannu ake koyonsa. Malamin dabbobi zai buɗe bakin akuya ya nuna haƙora. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, guda 8 ne a ƙasa. Na yarinta ƙanana ne, in dabba ta wuce shekara ɗaya sai biyu na tsakiya su faɗi manya su fito, a yi ta haka biyu-biyu har su cika a wajen shekara huɗu. Wadda ta iya wannan ba mai sayar mata da tsohuwar akuya da sunan budurwa. Zai ja fatar ido ta ƙasa ya nuna: in cikinta ja ne, jini ya wadata, in ya yi fari fat, to, tsutsar ciki tana shan jinin dabbar, abin da ya fi yawa da damina. Zai sa ki shafa gadon bayan rago ki ji ko nama ne ko ƙashi gashi ya rufe. Zai nuna hantsa mai kyau da wadda ta sanƙare gefe ɗaya, ya nuna kofaton da ya yi tsawo ya lanƙwashe da yadda ake datse shi. Waɗannan duka ko an rubuta su a takarda ba sa zama a kai sai an taɓa.

Wajen abinci ma akwai gyara. Mun san dusa da harawa da kowar wake da 'ya'yan gawo, amma da yawanmu ba mu san cewa harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe korenta ta fi wadda rana ta ƙone amfani ba, ko cewa angurya tana sa ƙiba amma ba a gabza wa dabba ita da yawa rana ɗaya. Ba kowa ta san cewa dakashi, watau nonon farko mai kauri, shi ne garkuwar ɗan akuya, kuma lalle ya sha shi cikin sa'o'in farko na haihuwa ba. Ga kuma masifar zamani, leda. Akuyar da ke yawo a bola tana haɗiyar leda, ledar ta dunƙule a tumbinta, ta yi ta ramewa ciki na kumbura har ta mutu, mai ita tana cewa sammu ne ko baki.

ALLURA ƊAYA

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar rigakafi. Kakanninmu sun ba da labarin bushiya, annobar shanu da ta auko wa ƙasar nan wajen 1890 ta bar makiyaya da sanda kawai. Ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna mai yawa a Arewa. Amma da aka dage da allura ƙasa bayan ƙasa, sai ga shi a 2011 an ba da sanarwar cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kamar yadda aka kawar da agana a cikin mutane. Shanu dukiyar maza ce, an tsaya musu, an ga bayan cutarsu.

To, bushiya tana da ƙanwa wadda ta rage, kuma dukiyarmu take ci. Likitoci suna kiranta PPR, annobar awaki da tumaki, ƙwayar cutar kuwa dangin ta ƙyanda ce da muke kai yaranmu rigakafinta, ko da yake ita ba ta kama mutum. Kowace mai kiwo ta san alamunta ko ba ta san sunanta ba: zazzaɓi, majina da kwantsa har ido ya liƙe, gyambo a baki, tari, sai zawo mai wari, bayan 'yan kwanaki a fara ja ana kaiwa bola. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da allurar rigakafi, kuma allura ɗaya tana tsare dabba shekara uku ko fiye. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin wannan allura a ƙasarmu. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan gamawa da cutar. Ina tambaya, yaya za a gama da cutar awaki in masu awakin ba su ma ji labarin allurar ba?

Kaji ma haka. Duk shekara in hunturu ya kama sai annobar nan ta bi gida-gida, kaza ta yi ta gyangyaɗi, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Mu kuma sai mu ruga kanti mu sayo kafso mai ja da rawaya mu zuba a ruwa, mu ƙara da barkono, kuɗi ya tafi kaji su tafi, domin kafso ba ya kashe irin wannan ƙwayar cuta. Alhali akwai rigakafinta da ake ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza duk bayan wata uku ko huɗu, kuma an yi shi yadda zai jure zafin ƙauyen da ba firiji. Mace ɗaya da aka koya mata tana iya yi wa kajin unguwa duka. A rumfar nuni ake nuna irin wannan, a nan kuma ake ganin kaza irin ShikaBrown mai yawan ƙwai, wadda cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya ta fitar don ta dace da yanayinmu.

YADDA AKE KUSANTAR DABBA

Tun da ina cewa a je a taɓa, wajibi ne in faɗi yadda ake taɓawa, musamman ga iyaye masu zuwa da ƙananan yara da malamai masu jagorantar ɗalibai.

Kada a taɓa dabbar kowa sai an nemi izinin mai ita, shi ya san halinta. A zo mata ta gefe inda take ganin mutum, a hankali, ana magana ƙasa-ƙasa. Ba a tsayawa a bayan saniya ko doki ko jaki ko raƙumi, ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta, ba a kuma dafa goshin rago, don a wurinsa wannan gayyatar karo ce. A hana yara ihu da guje-guje da tsokana da kara. A ɗaure gyale da mayafi sosai kada ƙaho ya sarƙe. Yaron da bai kai shekara biyar ba a riƙe hannunsa, a kuma lura kada ya kai yatsa baki.

Bayan an gama, a wanke hannu da sabulu da ruwa kafin a ci kome ko a ba jariri mama. Dabba tana iya zama lafiya ƙalau a ido amma kashinta da jikinta suna ɗauke da ƙwayoyin da ke sa yara zawo mai tsanani. Kada a zauna cin ƙosai ko shan fura a bakin turke. In an dawo gida a wanke takalmi kafin a shiga wurin dabbobin gida, kada a kwaso musu tsarabar da ba su aika ba.

Mai juna biyu ta yi kallo daga nesa kaɗan. Ko a gida ma kada ta karɓi haihuwar akuya ko tunkiya, kada ta taɓa mabiyiya ko ɗan da aka yi ɓarinsa, domin wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari suna sa mace ma. Madara kuwa, kome kyawun saniyar da aka tatsa, a tafasa ta tukuna, saboda tarin fuka da cutar da makiyaya ke kira bakkale duk suna bi ta ɗanyar madara.

Kada a ce tsoratarwa ce. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jaji cikin Jihar Kaduna. A watan Yuli na 2023 kuma hukuma ta tabbatar da ciwon saifa a wata gona a yankin Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki ko dubura ba ya daskarewa, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, sai a kira malamin dabbobi. Mu da muke cikin gida mu ne a kan gaba wajen cewa "a yi maza a yanka kada ta yi mushe", saboda haka mu ya fi kamata mu san ranar da ba a yin haka.

GA 'YAN MAKARANTA

Ƙannena 'yan makaranta, ku ma ina da magana da ku. A aji nakan lura da yadda yarinya za ta zana tumbin saniya a littafinta tsaf, ta rubuta sunayen ɗakunansa huɗu, ta ci maki goma bisa goma, amma in an ce ta kama akuya sai ta toshe hanci ta ce ita ba 'yar ƙauye ba ce. Wannan tunani ya kamata a bar shi. Takalmin makarantar da ke ƙafarki mai yiwuwa kuɗin bunsurun mahaifiyarki ne. Wadda ta raina akuya ta raina abin da ya kawo ta aji.

Ilmin da kuke koyo, filin nuni ne wurin gwada shi. Ku tafi da littafi da fensir. Ku tambayi mai rago wata nawa ya yi yana turke, me yake ci, mudu nawa a rana, nawa aka saye shi, nawa ake sa ran sayarwa, ku dawo ku yi lissafin riba da faɗuwa. Ku tambayi likita ranar da ake allura a asibitin dabbobi na garinku da abin da ake biya, ku rubuta, ku kai wa iyayenku mata waɗanda ba su sami zuwa ba. Ku buɗe wa dabbobin gidanku littafi: ranar barbara, ranar haihuwa, ranar allura, ranar ba da maganin tsutsa. Kaza kwana 21 take kwanci, ƙwan zabo kuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28, yarinyar da ta rubuta rana ba za ta bari a zubar da ƙwai masu rai ba.

Ku kuma sani aikin likitan dabbobi ba a rubuta shi da sunan maza ba. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, mata kuma suna shiga suna fitowa. Babu abin da matan karkara ke bukata kamar likita mace wadda za ta yi sallama ta shiga har tsakar gida ba tare da an ce a jira maigida ya dawo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sha'awar irin wannan aiki kuwa sau da yawa daga shafa ɗan maraƙi a filin nuni take farawa.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na san za a ce mace mai aure ba ta shiga cunkoson maza. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Amma matan nan da izinin mazansu suna zuwa awo asibiti, suna zuwa Islamiyya, suna zuwa biki da suna har wani gari. In an keɓe wa mata rana ɗaya, ko ma safiya ɗaya, aka sa malaman gona mata a rumfuna, ina abin da ya saura na hani? Gyaran yana hannun masu shirya taro, ba wuya gare shi.

Za a ce nisa da kuɗin mota. Gaskiya ne babban nunin ƙasa da aka saba yi a kan hanyar Abuja zuwa Keffi ya yi wa matar ƙauye nisa, haka ma nunin da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu sai na kusa. Shi ya sa nake ganin ƙananan nune-nune na ƙaramar hukuma da na gunduma sun fi mana amfani, inda mace za ta jawo akuyarta da ƙafa ta koma gida kafin azahar.

Za a ce nunin ya zama fagen masu kuɗi, ana jera shanun ƙasashen waje da bijiman da talaka ba zai taɓa mallaka ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma rashin zuwanmu yana cikin abin da ya jawo haka. Inda masu akuya uku da kaza goma ba su zo ba, dole mai shanu ɗari ya cika fili.

Akwai kuma masu tsoron kada dabbarsu ta kwaso cuta a taro. Tsoronsu yana kan hanya. Maganinsa shi ne a yi wa dabba allura tun kafin a kai ta, a tafi mata da abin shan ruwanta, in ta dawo a ware ta daga sauran kamar mako biyu zuwa uku ana lura da ita. Haka ya kamata a yi wa duk dabbar da aka sayo daga kasuwa ma.

KIRA

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Muna roƙonta, da ma'aikatun gona na jihohi, da shugabannin ƙananan hukumomi, su tuna cewa kiwo bai tsaya a kan shanu ba. A ware rukunin gasa na mata: akuya mafi kyau, ragon turke mafi kyau, kajin gida mafi kyau. A rubuta sunan mai dabba na ainihi a takarda ko da ɗanta ko mijinta ne ya riƙe igiya, kyautar kuma ta shiga hannunta. A yi bayani da Hausa, a tanadi ruwa da sabulu a bakin kowane turke, a kawo allurar awaki da ta kaji a yi a wurin. A aika wa makarantun 'yan mata takardar gayyata kamar yadda ake aika wa na maza, shugabannin makarantu kuma su farfaɗo da ƙungiyoyin matasa manoma su sa 'yan mata a ciki.

Magidanta kuma, don Allah ku yi mana adalci. In akuyar uwargida ta haifi tagwaye suka rayu, ku ne za a sauƙaƙa wa ranar da aka koro yaro kuɗin makaranta. Ku ba da izini, in hali ya yi ku raka.

Mu kuma mata kada mu zauna jiran a zo a ɗauke mu. A wajen adashi, a wajen suna, a Islamiyya, mu tayar da maganar. Mu haɗu mu biyar ko goma mu aika wa malamin gona na yankinmu cewa muna so a sanar da mu ranar nuni da ranar allura. Wadda ta sami zuwa ta dawo ta tara maƙwabta ta buɗe bakin akuya ta nuna musu abin da ta gano.

Allah Ya sa albarka a abin da muke kiwo, Ya tsare mana shi daga annoba, Ya ba mu ikon neman ilmi mai amfani. Masu ra'ayi a kan wannan magana, ko na goyon baya ko saɓaninsa, filin nan naku ne, sai mun ji daga gare ku.